Kundin Aikin Kalneksin a Yaba

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Aikinmu a kan jinin masu sikila ne, amma a watannin nan furotin guda ɗaya zai cinye mana lokaci. Sunansa kalneksin. Fatanmu shi ne mu neme shi a samfuranmu mu rasa, kuma kafin mu buɗe baki mu ce mun rasa shi, dole mu mallaki abin da zai gan shi idan yana nan. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki, musamman saboda ɗalibanmu da ke zuwa daga Zariya da Kano da Sakkwato suna tambayar yadda ake irin wannan aiki a ƙasar nan.

Ga yadda maganar take. Ƙwayoyin halittar jikin mutum suna sako wasu 'yan jakunkuna cikin jini, ƙanana ainun, waɗansu faɗinsu bai wuce nanomita 30 zuwa 150 ba. Mafi ƙanƙantarsu ana ce musu eksozom. A 1983 aka fara lura da su a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba. Rukunin masana biyu ne suka gani a shekarar, wasu a St. Louis ta Amurka, wasu a Jami'ar McGill da ke Montreal, inda Rose Johnstone ta yi aiki da jinin tumaki, kuma ita ce ta raɗa musu wannan suna a 1987. Mu abin da muke so mu sani shi ne me waɗannan jakunkuna ke ɗauke da shi a jinin mai sikila lokacin da ciwo ya tashi, da kuma lokacin da ya lafa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ce ana haihuwar yara kusan 150,000 da sikila duk shekara a Najeriya kaɗai. Idan akwai ƙasar da ya kamata ta yi wannan bincike da hannunta, tamu ce.

Duk wanda ya ce ya tace jakunkuna daga jini, tambayar farko da za a jefa masa ita ce: ta yaya ka san ba tarkacen ƙwayoyin da suka fashe ka kwaso ba? Ƙa'idojin MISEV na 2018, waɗanda masu wannan fanni suka amince da su, sun ce ka nuna furotin ɗin da ya kamata a samu a jakunkunan, irin su CD63 da CD9 da TSG101, sannan ka duba waɗanda gidansu can ciki ne, inda jakunkunan ba sa fitowa. A nan kalneksin ya shigo.

A cikin kowace ƙwayar halitta mai cibiya, wato dunƙulen tsakiya da ke ajiye bayanan gado, akwai wata raga ta bututu da faifai masu haɗe da juna, ta kewaye cibiyar ta bazu har gefe. Masana na kiranta endofilazmik retikulum, ni zan riƙa cewa raga. Keith Porter da Albert Claude da Ernest Fullam ne suka fara ganinta da madubin elektron a 1945. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin da ƙwayar ke ƙerawa ta cikinta yake bi, a can ake naɗe shi ya ɗauki siffarsa. Kalneksin a kafe yake a bangon wannan raga, babban jikinsa a ciki, wutsiyarsa a waje. Sabon furotin yana shigowa da reshen sukari maƙale a jikinsa, mai gulukos uku a baki. Ana cire biyu, sai kalneksin ya kama shi ta wurin na ƙarshen ya riƙe har ya naɗu. In an cire gulukos na ƙarshe aka ga bai naɗu daidai ba, wani sinadarin ya mayar masa da gulukos ɗin, ya koma hannun kalneksin. Ɗakin binciken John Bergeron ne ya bayyana shi a 1991, shi ma a McGill. Tun da a raga yake zaune, ganinsa a samfurin jakunkuna alama ce ta cewa cikin wata ƙwaya ya zube a ciki.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau mun zauna da Farfesa kan abin da za a saya.

Ga wanda bai saba ba, antibodi furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa don ya kama abu guda takamaimai. Na bincike kuwa, ana yi wa zomo ko ɓera allurar wani yanki na furotin ɗin da ake nema, jikinsa ya ƙera antibodi a kansa, a ɗebo a tace. Wanda aka ɗebo kai tsaye daga jinin zomo gauraye ne, iri-iri a kwalba ɗaya, kuma in wannan zubin ya ƙare, na gaba daga wani zomon zai fito, ba lallai halinsu ya zo ɗaya ba. Mai tushe ɗaya shi ne wanda Georges Köhler da César Milstein suka gano hanyar yinsa a Cambridge a 1975, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1984. Na zamani kuma an san jerin gadonsa, a ɗakin gwaji ake ƙera shi, zubin bana da na baɗi ba su cika bambanta ba.

Na kawo wa Farfesa binciken da ƙungiyar YCharOS ta buga a mujallar eLife a 2023. Sun gwada antibodi 614 na kasuwa a kan furotin 65, suka ga fiye da rabinsu sun gaza a hanyar gwaji ɗaya ko fiye, kuma na zamanin nan sun fi sauran abin kirki. Wannan a Montreal ke nan, inda wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuma 'yar kwalba mai maikurolita 100 takan kai dala 400 zuwa 500, dala kuma a farkon 2025 ta haura naira 1,500, ban da kuɗin jirgi da na fito da kaya. Sayen da bai yi ba a wurinmu yana nufin ɗalibi ya rasa zango guda.

Na ce, "Ranki ya daɗe, in muka sayi ɗaya, ba mu da wanda zai shaide shi."

Ta yi shiru tana duba lissafin, sannan ta ce a soke sayen sabon firinta. Abin da muka tsayar: sabon antibodi na zamani daga zomo, mai kama wutsiyar kalneksin, da wani na ɓera mai tushe ɗaya da ke kama babban jikin da ke cikin raga. Da gangan muka zaɓi masu kama wurare biyu daban. Akwai kuma tsohon gauraye na zomo a firiza, ragowar wani aiki da ya gabata. Za mu gwada shi tare da su, ba za mu zubar da shi ba tare da hujja ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kaya sun iso, bayan sun yi kwanaki a wajen fito da kaya a Ikeja saboda wata takarda da wakilin bai cika a kan lokaci ba. Da muka buɗe akwatin, jakunkunan ƙanƙarar sun zama ruwa, har da ɗumi-ɗumi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba, babban ma'aikacin ɗakin namu, haifaffen Agege wanda ya fi shekara talatin yana wannan aiki, ya ɗaga kwalbar ya duba ta a haske ya ce, "Ɗana, kwantar da hankalinka. Wannan yana jure ɗumin 'yan kwanaki. Abin da ke kashe shi daskarewa da narkewa ne, yau da gobe."

Saboda haka kafin la'asar mun rarraba kowanne cikin 'yan bututu, maikurolita 10 kowanne, da lambar zubi da kwanan wata a jiki. Firizar da ke kan batir muka sa su, mai awo 20 ƙasa da sifili, wadda ba ta narkar da ƙanƙararta da kanta. Irin ta gida mai yin haka takan ɗumama kayan ciki lokaci-lokaci, ba ta dace da wannan ba. Duk wanda ya ciro bututu ɗaya ba zai mayar da shi ya sake daskarewa ba.

Talata, 11 ga Maris

Gwajin farko, a kan HeLa, wasu ƙwayoyin jikin mutum da muke renonsu a ɗaki. Ba mu fara da jinin kowa ba, domin a HeLa mun san raga tana nan da yawa, in antibodi bai gani a nan ba, ba inda zai gani.

Hanyar ita ce westan bulot, wadda Harry Towbin da abokan aikinsa suka bayyana a 1979. Mun fasa ƙwayoyin, muka auna furotin maikurogiram 20 a kowane gurbi, muka tafasa shi da sinadarin SDS da ke warware shi ya miƙe, muka zuba a saman jel muka kunna wuta. Ƙanana suna gudu su yi ƙasa, manya su tsaya sama. Gurbin farko na tsanin awo ne, mai layuka masu launi da aka san nauyin kowanne. Daga jel aka mayar da komai kan takardar PVDF, aka jiƙa ta a madarar gari marar mai, kashi 5 cikin 100, don ta toshe wuraren da antibodi zai iya mannewa haka kawai. Sai antibodi na farko, ɗigo ɗaya cikin dubu, ya kwana a firiji yana lilo a kan injin kaɗawa. Wannan jiya ke nan. Yau aka wanke, aka sa na biyu mai ɗauke da sinadarin da ke fitar da haske.

Lokacin shan ruwa ya same mu a tsakiyar wanki na ƙarshe. Baba ya miƙo mini dabino a barandar waje, muka sha ruwa a tsaye, muka koma muka shiga ɗakin duhu.

Sabon na zomo ya ba da layi guda, baƙi ƙirin, tsaf kamar an ja da alƙalami, tsakanin alamar 75 da ta 100, wato wajen kilodalton 90 a ma'aunin nauyin furotin. Sauran gurbin fari fat daga sama har ƙasa. Na ɓera ya ba da layi a daidai wannan wuri, amma dishi-dishi. Tsohon gauraye ya ba da na 90, ya ƙara da wasu biyu a ƙasa.

Ɗalibar da ke koyon aiki a wurinmu ta yi tambayar da ta dace. Ta ce ta lissafa: kalneksin na mutum yana da amino asid 592, nauyinsa a lissafi wajen kilodalton 67 ne, me ya kai shi 90? Amsar sananniya ce. Furotin ɗin cike yake da amino asid masu tsami, musamman a wutsiyar, waɗannan kuma ba sa karɓar SDS yadda sauran ke karɓa, sai tafiyarsa a jel ta yi nawa, ya tsaya a sama da inda lissafi ya ce. Ɗan'uwansa kalretikulin ma haka yake, lissafinsa 46 amma a kusa da 55 zuwa 60 ake ganinsa. Na ce ta rubuta 90 a bangon littafinta.

Alhamis, 13 ga Maris

Mun maimaita da sabon tsagin ƙwayoyi. Sakamako bai canza ba. Zafi ya yi yawa a ɗakin, tankin mayar da furotin kan takarda sai da muka dasa shi cikin bokitin ƙanƙara.

Alhamis, 27 ga Maris

Yau muka fara sa ruwan jini, na ɗaya daga cikinmu mai lafiya, ɗanye ba a tace ba, don mu ga irin hayaniyar da jini ke kawowa. Ta kuwa zo da yawa.

Tsohon gauraye ya fitar da wani faffaɗan tabo a wajen 67. Wanda ya riƙe lissafin takarda kawai zai ce ga kalneksin nan a nauyinsa na gaskiya, kuma ina da yaƙinin an sha faɗin haka a wurare da dama. Amma kafin sa antibodi mukan rina takardar da jan rini na Ponceau, wanda ke nuna duk furotin ɗin da ke kai, mu ɗauki hoto. Da muka jera hotunan biyu, ga wani ƙaton jan dunƙule zaune a daidai wannan wuri, har ya ture layukan da ke kusa da shi sun lanƙwashe. Albumin ne, furotin da ya fi kowanne yawa a ruwan jini, nauyinsa 66 da ɗoriya. Yawansa ne ya sa wani abu cikin gaurayen ya manne masa.

A takardar na ɓera kuma wani layi ya fito a 50, da ƙarami a 25. Muka yanki wata takarda muka sa mata antibodi na biyu shi kaɗai, ba na farko. Layukan suka sake fitowa. Ashe na biyun, wanda aka yi don ya kama antibodin ɓera, yana kama na mutum da ke yawo a jininsa tun asali, manyan sarƙoƙinsa a 50, ƙanana a 25. Akwai irin da aka riga aka tace don kada ya yi haka, shi za mu yi oda. Gwajin na biyu shi kaɗai ba ya cin komai sai yankin takarda da yini guda, ban ga dalilin da zai sa wani ya tsallake shi ba.

Za mu rufe har bayan Sallah.

Talata, 15 ga Afrilu

Layi guda a wurin da ake tsammani abin farin ciki ne, amma bai isa hujja ba, domin furotin masu nauyin 90 suna da yawa a ƙwayar halitta. A 2016 wani kwamitin masana ƙarƙashin Mathias Uhlén ya fitar da hanyoyi biyar na tabbatar da antibodi. Biyu daga ciki ne a hannunmu: a kwatanta antibodi biyu masu kama wurare daban, sannan a kawar da furotin ɗin daga ƙwayar a ga ko layin zai tafi. Ta biyun ta fi ƙarfi. Da muna da ƙwayoyin CEM-NKR, waɗanda ba su da kalneksin sam, da aiki ya zo da sauƙi. Ba mu da su, sai muka bi ta siRNA, ɗan guntun saƙon gado da ke hana ƙwaya ƙera furotin guda da aka nufa. Wanda aka riga aka ƙera ba ya ɓacewa nan take, kalneksin kuma mai daɗewa ne, saboda haka muka bar ƙwayoyin sa'o'i 72.

Gurbi biyu a jere, ɗaya na ƙwayoyin da aka ba siRNA na bogi wanda ba ya nufin komai, ɗaya na waɗanda aka ba na gaske. A gurbi na biyu layin 90 ya dushe sosai, saura ɗan inuwa, da sabon na zomo da na ɓera duka. Layin aktin da muke auna daidaiton zubi da shi bai motsa ba. Su kuwa ƙarin layuka biyun nan na tsohon gauraye suna nan daram da ƙarfinsu a gurbin biyu. Ko ma mene ne su, ba kalneksin ba ne, ba kuma guntayensa ba ne. Tsohon ya fita daga aikin jini daga yau. Baba ya naɗe bututunsa da jan tef ya rubuta dalili a jiki, don kada wani ɗalibi ya tsince su baɗi ya fara daga inda muka fara.

Litinin, 28 ga Afrilu

Mun samu aron madubi mai haska launi a wani sashe, awa biyu kacal. An kafe ƙwayoyin a kan gilashi, an huda bangonsu da ɗan sabulun Triton don antibodi ya samu shiga, an rina cibiya da DAPI.

Na ɓeran nan da ya yi sanyi a bulot, a nan shi ya yi fice. Cibiya shuɗiya a tsakiya, kewaye da ita siririn zobe kore shar, domin bangon cibiya a haɗe yake da raga. Daga zoben sai zare-zare masu rassa suka bazu, cunkushe kusa da cibiyar, suna sirancewa har ka iya bin bututu ɗaya da ido zuwa gefen ƙwayar. Cikin cibiyar kanta ba kore ko ɗigo. A gilashin waɗanda aka ba siRNA, mafi yawan ƙwayoyin duhu ne, sai jefi-jefi ka ga wadda saƙon bai shige ta ba tana walƙiya a tsakiyarsu. Ɗalibarmu ta daɗe a kan wannan gilashin, ita ce ma ta fara nuna mana su.

A bulot furotin a warware yake, a madubi kuma yana nan kusa da siffarsa. Shi ya sa antibodin da ya yi kyau a ɗaya ba lallai ya yi a ɗayan ba, kuma shaidar da aka ba shi a wata hanya ba ta bin shi zuwa wata.

Laraba, 14 ga Mayu

Wannan shi ne makon da na fi damuwa da shi tun farko.

Na karanta takardun bincike da yawa a kan jakunkunan nan, kuma hoto ɗaya ne ke ta maimaituwa: gurbin ƙwayoyi da baƙin layi, gurbin jakunkuna fari, a ƙasa a rubuta cewa babu kalneksin, samfur tsarkakakke ne. Sau da yawa ba a faɗi nawa aka zuba a kowane gurbi ba. Jakunkuna kuwa furotin ɗinsu kaɗan ne, in ka zuba maikurogiram 20 a gefe guda, 2 a ɗaya gefen, ka ɗauki hoto cikin daƙiƙa goma, ai fari za ka gani ko da tarkace na ciki. Mai gadi ya ce maka ba wanda ya shigo daren jiya, kafin ka yarda sai ka san ko idonsa biyu, kuma ko fitilarsa na kai wa bakin katanga. Farin gurbi ba ya cewa komai sai an san mafi ƙanƙantar abin da antibodin ke iya gani.

Saboda haka muka jera furotin ɗin HeLa yana raguwa: maikurogiram 20, 10, 5, 2, 1, sai rabi. Sabon na zomo ya ga layin sarai har zuwa 1, a rabi kuma sai an tsawaita ɗaukar hoto yake ɗan leƙowa. Na ɓera ya tsaya a 5. Sannan muka ɗauki samfurin jakunkuna muka ɗiga masa maikurogiram 1 na HeLa da gangan, don mu ga ko ragowar furotin ɗin jini za su rufe layin. Bai rufu ba.

Farfesa ta so mu wuce, domin masu ba da tallafi suna jiran rahoto a watan Yuli kuma har yanzu ba mu taɓa samfurin mai sikila ko ɗaya ba. Ta ce, "Malam, wata huɗu muna auna ma'auni." Gaskiyarta ce, nauyin a kanta yake. Na roƙe ta abu ɗaya, cewa duk jel ɗin da za mu yi nan gaba a bar gurbi biyu: ɗaya na HeLa mai yawa, ɗaya na maikurogiram 1. In na biyun bai fito ba, wannan takardar ba ta da bakin cewa babu. Gurbi biyu cikin goma asara ce ta wuri, ga shi CD63 yana son jel nasa daban, domin shi ba a sa masa sinadarin da ke tsinka igiyoyin salfa. Ta amince, da sharaɗin samfura su fara kafin Babbar Sallah.

Litinin, 2 ga Yuni

Ba mu da injin juyi mai kai wa ƙarfi 100,000, wato ninki 100,000 na ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, saboda haka muna bin hanyar tacewa ta girma da masana a Amsterdam suka bayyana a 2014: a cika sirinji mai mililita 10 da ƙwayoyin Sepharose CL-2B, a zuba ruwan jini a sama, a riƙa tara abin da ke ɗiga rabin mililita rabin mililita. Jakunkuna sun fi girman ramukan ƙwayoyin, su ke fara fitowa, albumin ya biyo baya.

Samfuran masu lafiya: CD63 da TSG101 sun fito, gurbin kalneksin fari, gurbin maikurogiram 1 na gefensa da layinsa. Wannan farin na yarda da shi. Mun kuma sa gurbin filatilet, 'yan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, suka ba da layin 90 mai ƙarfi, domin suna ɗauke da ragowar raga daga uwar da ta haife su a ɓargo. Shi ya sa ake juya jinin sau biyu, ƙarfi 2,500 na minti 15 kowanne, kuma da wuri. Damina ta kankama, in ruwa ya sauka hanyar Ojuelegba takan tsaya cik, don haka mun kai ƙaramin injin juyi asibitin, a yi juyin farko a can kafin a ɗauko.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ranar Sikila ta Duniya, kuma ta zo daidai da fitowar takardun farko na samfuran marasa lafiya. A mafi yawansu gurbin fari ne. A wasu kuwa, galibi na waɗanda aka ɗebi jininsu ciwo na tashe, ga siririn layi a 90, bai kai na maikurogiram 1 ba, amma yana nan. Mun tattara samfur ɗaya ya yi kauri muka gwada da na ɓera, shi ma ya gan shi. Takardar antibodi na biyu shi kaɗai fara ce. Da a watan Maris muka ga wannan, da ba mu san ko laifin antibodi ba ne ko na jini. Yanzu mun san kalneksin ne. Abin da ya rage shi ne daga ina ya zo.

Hanyoyi uku nake gani. Ko dai filatilet ne suka tsallake juyin, masu sikila kuma sau da yawa nasu na da yawa. Ko kuma matasan jajayen ƙwayoyi ne. Jar ƙwayar mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila 10 zuwa 20, saboda haka ɓargo na ta turo sababbi kafin su gama nuna. A mai lafiya ba su fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, a mai sikila sukan kai 10 ko fiye. Balagaggiyar jar ƙwaya ba ta da raga, matashiya kuwa tana tafe da ragowar kayan cikinta. Ta uku ita ce ƙwayoyin bangon jijiya da ke mutuwa lokacin da jini ya toshe. In ta farko ce, gyaran hannu ne a wajenmu. In ta biyu ko ta uku ce, to abin da muka ɗauka datti ne yana iya zama labarin ciwon kansa. Zuciyata ta fi karkata ga ta biyu, kuma saboda haka ne zan fi tsananta mata gwaji.

Ni ke yi wa iyalan Hausawa na Idi-Araba da Agege da Mile 12 bayanin takardar amincewa da harshenmu. Nakan tuna cewa ƙwayoyin HeLa da muka dogara da su an ɗebe su ne daga jikin Henrietta Lacks a Baltimore a 1951 ba tare da an tambaye ta ba, don haka ba na gaggawa a wannan zama. Yau wata uwa da ɗanta ke cikin binciken ta tare ni a baranda, yaron na bayanta riƙe da gefen mayafinta, idanunsa sun yi ɗorawa.

"Malam, me kuka gani a jinin nasa?"

"Hajiya, mun ga wata 'yar alama da ba mu gani a na masu lafiya ba. Muna bin sawunta. Ba magani ba ne tukuna, kuma ba abin tsoro ba ne a kansa."

"To, Allah ya ba da sa'a. In kun gane, ku faɗa mana da Hausa yadda kuka karɓa da Hausa."

Na yi mata alkawari, na kuma sa shi cikin rahoton da Farfesa za ta aika, a matsayin aiki mai kasafinsa.

Talata, 8 ga Yuli

An yi odar antibodi biyu don raba gardamar: CD41, alamar filatilet, da CD71, mai karɓar ƙarfe da ke jikin matasan jajayen ƙwayoyi, wanda a kansa ne ma aka gano eksozom tun 1983. Kowannensu zai bi ta inda kalneksin ya bi kafin ya taɓa jinin mara lafiya: gurbin da muka san yana da abin, gurbin da muka san ba shi da shi, na biyu shi kaɗai, da jerin raguwa. Ɗalibarmu ce za ta ja ragamar wannan, Baba na duba ta.

Asibitin sun yarda su ba mu adadin matasan ƙwayoyi da na filatilet na kowane samfur, da lamba ba da suna ba, kuma ba zan ga adadin ba sai na gama auna ƙarfin layukan na rubuta na miƙa wa Farfesa. Samfura huɗu masu layi za mu sake juya su sau na uku mu tace da matatar maikuron 0.8, mu ga ko layin zai tafi. Sabon na zomo saura bututu uku, mun nemi wakilin ya samo mana zubi mai lamba iri ɗaya. Jel na gaba ranar Alhamis ne, in an kawo man janareta.